Bindigogin Kawu Guda Biyu

Daga Allah muka zo, kuma ga shi ya karɓi abinsa. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ban san damana da haguna ba, ya rasu a gidansa na unguwar Williamsville, a birnin Abidjan, a shekarar 2011, bayan manyan ruwan sama sun ɗauke, harbe-harben rikicin zaɓe kuma sun lafa. Ba harsashi ne ya kashe shi ba. A kan katifarsa ya cika, da hantsi, yana kallon bango.

Masu wankan gawa ba sa faɗin abin da suka gani, amma tsohon abokin cinikinsa da ya taya liman wankan bai iya riƙewa ba. Da ya fito yana goge hannu, sai ya ja ni gefe.

"Ɗana, ƙugun Kawunka na dama ya yi kanta, baƙi ƙirin, kamar kafaɗar ɗan dako. Mene ne haka?"

Na ce masa ai ya sani. Ya gyaɗa kai, ya ce lallai ya sani, mantawa ya yi.

An cika tsakar gida. Fataken goro sun zo daga kasuwar Adjamé da manyan rigunansu, maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Jula sun zo, har da wata dattijuwa 'yar ƙabilar Baule da ke soya ayaba a bakin layinmu, wadda ta tsaya daga ƙofa tana kuka ba ta shigo ba. Wasu samari kuma sun zo daga tashar jiragen ruwa ta Treichville, da rigunan ofis, sun rasa yadda ake zaman tabarma, sai gyara ƙafa suke yi. Waɗannan ba Kawu suka sani ba, ɗansa suka sani. Ɗa ɗaya tilo Allah ya bar wa Kawu, kuma shi ya kamata a samu zaune a gefen liman yana karɓar gaisuwa. Ni aka samu a wurin. Duk wanda ya miƙo mini hannu, in ya gama "Allah ya jiƙan Alhaji," sai ya rage murya ya ce, "Yaron fa? Har yanzu shiru?" Tun cikin rikicin ya fita bai dawo ba, kuma babu wanda ya kawo gawa. Daga cikin ɗaki ina jin matar Kawu, wadda nake kira Inna, tana ba mata amsa ɗaya.

"Yana nan tafe. Labarin ne bai kai masa ba."

Garin nan ba ya riƙe mamaci. Ba a yi sadakar bakwai ba na wuce ta rumfar Kawu, na tarar har an fara auna ta za a sa wayoyin hannu. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuwa, in ka yi musu Hausa da Faransanci suke mayar maka. Ni ma a nan aka haife ni, makarantar Faransanci na yi, Faransancin nake koyarwa, kuma Hausar da nake rubutu da ita Kawu ne ya dasa mini ita da ranƙwashi. Shi ya sa na ce bari in zauna in ajiye abin da na sani game da shi, ko da babu mai karantawa.

Kawu ɗan goro ne. Yana saro shi a Anyama, a ɗaure masa huhu-huhu a rumfarsa ta Adjamé, masu kura su tura, a loda zuwa Najeriya. Dogo ne, siriri, mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Zai iya yafe maka asarar huhu guda, amma in ka taka masa buzun salla da takalmi sai unguwa ta ji. Ba ya cin aceke, wai garin rogo ne da ya yi girman kai. Shekarun da ya yi a ƙasar nan sun fi waɗanda ya yi a garinsu, amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa da ciniki da zagi ba, kuma ya ce sun ishe shi.

A farkon shekarun casa'in ya fara ɗaukar bindiga. Lokacin 'yan fashi sun matsa wa 'yan kasuwa, suna bin mutum tun daga rumfa har ƙofar gida da rana tsaka. Wani amininsa, wanda suka zo ƙasar nan a mota ɗaya, yana da 'yar ƙaramar bindiga da ke shiga aljihu kamar ƙwaryar goro. Ranar da aka tare shi ya harbi ɗan fashin, kuma ya same shi, amma mutumin bai faɗi ba. Ya ƙaraso da addarsa ya gama abin da ya zo yi, sannan ya je can gaba ya faɗi. Kawu ne ya ɗauko gawar aminin nasa. Matar mamacin ta ce ba ta son ganin bindigar a ɗakinta, sai ta zama ta Kawu. Bai yarda da ita ba. Ya bi hanya ya samu takardar izini, ya sayi wata babbar libarba a hannun wani tsohon soja, ya kai wa baduku ya naɗe mata mariƙi da jar fata, ya ɗinka mata kube.

Daga nan ya shiga wahalar da bai fita ba har ya mutu. Ba ya kiransu bindiga a gaban mutane, sai dai Babbar da Ƙaramar, har baƙo yakan ɗauka 'ya'yansa mata yake nufi. Babbar tana da nauyin tsiya. Ta tsinka masa tazuge ba adadi, ta sa yana tafiya a karkace, in ya yi yinin kasuwa da ita sai Inna ta gasa masa baya da ruwan zafi. Ƙaramar kuwa har mantawa yake yi tana jikinsa. Kowace safiya bayan ya sha koko sai ya buɗe akwati ya tsaya a kansu, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan, kamar mai zaɓen rago.

"Wannan ina iya ɗaukarta, amma ba ta iya aikin," in ji shi. "Wannan tana iya aikin, amma ni ba na iya ɗaukarta. Wanda ya ƙera su bai taɓa yini a tsaye a Adjamé ba."

Inna takan ce, "To Alhaji, ka bar su duka mana, ka dogara ga Allah."

"Na dogara ga Allah. Shi ma wancan da na ɗauko gawarsa ya dogara."

Yawancin ranaku Babbar ce ke cin zaɓe. Wani lokaci in ciwon bayan ya tashi sai ya bar ta a akwati ya fita da Ƙaramar, ya yini yana ƙunƙuni, wai yau tsirara ya fito. Abin da ya rufa masa asiri shi ne babbar riga. Kawu ba ya taka ƙofar gida sai da 'yar ciki da babbar riga, komai zafin Abidjan, kuma a ƙarƙashin yadin nan ko tukunya ka ɓoye ba mai gani.

Sau ɗaya asirin ya tonu, a masallacin unguwa, ana sallar la'asar. An yi ruku'u, igiyar kuben ta tsinke, Babbar ta faɗo kan siminti da ƙara kamar an yar da taɓarya. Wani tsoho da ke gefensa ya sallame tun ba a kai sujada ba. Bayan salla liman ya ce ɗakin Allah ba bariki ba ne. Kawu ya ce ɓarayi ba sa jiran a idar da salla, kuma takalman liman ma a ƙofar masallacin nan aka sace su. Suka yi ta yi har aka shiga tsakani. Ya yi watanni yana tsallake masallacin zuwa wani mai nisa, yana ɗingishi, don kada ya bi liman salla. Da matar liman ta haihu, shi ya fara aika goron suna, amma bai je ba.

A iya sanina bai taɓa harbin kowa ba. Sau ɗaya na ga ya nuna ta. An kama wani mai tura kura a kasuwa, wai ya saci buhun shinkafa, an yi masa jina-jina, wani har ya gangaro da tayar mota, wani ya tafi neman fetur. Kawu ya ratsa taron ya tsaya a kan mutumin. Bai zare ta ba. Gefen rigarsa kawai ya ɗage ya saɓa a kafaɗa, yadda kowa zai ga jan mariƙin, ya ce da Julanci duk wanda ya ƙyasta ashana shi zai fara tafiya. Taron ya ja baya. Ya kai mutumin rumfarsa, ya sa aka wanke masa jini, ya biya shinkafar, sannan ya zage shi tas. Da muka koma gida yana ta cika baki.

"Ka gani? Da Ƙaramar ce, dariya za su yi mini. Babbar ko ba ta yi magana ba ana jin ta."

Ɗan Kawu kuwa taubashina ne, abokin wasana, ya girme ni kaɗan. Ɗaki ɗaya muka tashi, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ya fi ni ƙwaƙwalwa, ya samu aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, kullum sai ya tsallaka gada zuwa Treichville. Ba ya sa kaftani sai ranar Idi. Wando matsattse, riga a soke cikin wando, bel mai ƙyalli, ga nektai a wuya, shi ya sa nake kiransa Musye Kravat, wato Malam Mai Nektai. Shi ne ɗan fari, don haka Kawu bai taɓa kiran sunansa ba. "Wancan," ko "yaron nan," shi ke nan. Ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya yabonsa, in ya yi rashin lafiya ni ake aikowa in duba in kawo labari. Ranar da ya samu aiki Kawu ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da yankan farce. Da yamma na same shi a bayan rumfa yana raba wa masu kura goro kyauta, ya ƙi faɗin dalili.

Taubashina bai fahimci wannan kunyar ba. A makaranta ya ga iyayen abokansa suna rungume 'ya'yansu. Ya taɓa ce mini, "Le vieux, tsohon nan, ba ya sona, wallahi. Kai yake so." Na ce masa ai dole, tunda shi ne bawan ni ne ɗan, wa zai so bawa ya bar ɗa. Muka yi dariya. Da na san yadda abin ke cinsa da ban mayar da shi wasa ba.

Da yaƙi ya raba ƙasar nan biyu, sai lissafin Kawu ya ƙara rikicewa. Shingaye suka cika hanyoyi, abin da muke kira barasi, kuma mai suna irin namu da riga irin tamu shi ake fara saukewa daga mota. Takardar izinin ta zama takardar banza. In aka sami bindiga a jikin Bahaushe, ba a tambayarsa ko ɗan goro ne. Kowa ya ce ya bari. Ya rage, amma bai bari ba. Ya san layukan Adjamé kamar tafin hannunsa, ya san inda ake lalube da inda ake karɓar na goro a ɗaga hannu, ga furfura, ga carbi, ga riga. Ya wuce sau da yawa har ya ɗauka dabararsa ce, ya manta rigar ce.

Sai aka zo watannin bayan zaɓe. Wanda bai zauna a Abidjan a lokacin ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Kasuwa ta mutu, bankuna a rufe, samari sun kafa shingaye da tebura da tayoyi a kowace mararraba, ba soja ba, ba ɗan sanda ba, yaran unguwa da sanduna da adduna. Muna cikin gida kamar kaji a akurki. Ana haka maganin hawan jinin Inna ya ƙare. Ƙafafunta suka kumbura, kanta na sara, ta kwanta. Duk farmasi, wato kantin magani, da ke kusa an rufe ko an fasa. Wani maƙwabci ya ce ya ji akwai wanda ke buɗewa da safe ta wajen Treichville.

Kawu ya shirya zai tafi. Ya sa rigarsa, ya ɗaura Babbar, ya taka zuwa ƙofa, sai ƙugun ya riƙe, ya dafa bango. Taubashina ya miƙe.

"Baba, ka zauna. Ni na san hanyar, kullum ita nake bi. Ina da kat ɗin aiki, ina jin yaren masu shingen."

Kawu bai dube shi ba. Ni ya duba, ya ce, "Gaya wa wancan babu inda za shi."

"Baba, ga ni a gabanka. Ka gaya mini da kanka."

Ba a taɓa yi wa Kawu haka ba. Daga ɗaki muna jin nishin Inna. Na ce ni zan je, taubashina ya ce ni ko hanyar gada ban sani ba sai a mota, kuma gaskiya ya faɗa. Sai ya matsa ya sa hannu ya fara kwance igiyar kuben daga ƙugun ubansa, yadda yaro ke karɓar kaya daga hannun babba in sun haɗu a hanya. Ina jin nufinsa ya sauke masa nauyin ne kawai, ya ajiye. Kawu ya riƙe hannunsa. Ban taɓa ganin ya taɓa shi ba sai ranar.

"In za ka, to da ita za ka."

"Baba, me zan yi da wannan? In dole ne, ba ni ƙaramar, ta shiga aljihu."

"Ƙaramar ba ta tsayar da mutum. Na ga aikinta da idona." Ya tura masa kuben. "Mai kyan ce wannan. Riƙe."

Na daɗe ina juya wannan safiyar a raina. Mutumin da bai iya ce wa ɗansa ina sonka ba, bai iya ce masa ina jin tsoro ba, abin da ya fi daraja a wurinsa ya ɗauka ya ba shi, ya bar wa kansa wadda ya raina. Taubashina kuma ya gane haka, na ga fuskarsa. Shi ya sa bai ƙara musu ba. Ya soke ta a bel, ya zaro rigarsa daga wando ya sake ta a kai. Riga ce 'yar shara-shara mai gajeren hannu. Ko daga ƙarshen layi ka hango shi, ka san akwai abu a ƙugunsa. Ni na gani, kuma Kawu ma ya gani, amma shekara da shekaru idonsa ya saba da cewa Babbar ba ta nunawa. Ya ce, "Allah ya tsare." Taubashina ya ce mini, "Bawa, ka dafa mini shayi kafin in dawo."

Bai dawo ba. Wayarsa ta yi ta ƙara har yamma, daga baya ta daina shiga.

Washegari muka fara nema, ni da Kawu. Duk inda aka ce ana tsare mutane mun je, duk inda aka ce ana ajiye gawa mun je. A wani ɗakin ajiye gawa, ma'aikacin da ke ƙofa, da ƙyalle a hanci, ya tambayi Kawu, "Son nom?" Yana son sunan wanda muke nema. Kawu ya buɗe baki ya rufe. Ya waiwayo ya dube ni. Ni na faɗi sunan. Da muka fito bai samu ba, ya tsaya a bakin titi ya faɗi sunan da kansa, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da bai taɓa ci ba. Sai ya ce mu tafi.

Bayan 'yan kwanaki ya fita shi kaɗai, ya dawo da azahar, ya ce daga yau in zauna in kula da Inna, shi zai ci gaba. Wata maƙwabciya ta samo mata magani, ta fara tashi. Da ta ji ƙarfi sai ta wanke wando da rigar ɗanta ta goge, ta sa a leda, ta ce duk inda aka tsare shi kayansa sun yi datti, kada ya fito cikin mutane haka. Kullum da safe Kawu zai ɗauki ledar ya fita. Rikici ya ƙare, aka kwashe shingaye, aka saki waɗanda aka saki, shi dai yana fita. In ya dawo ta ce, "Alhaji, yau fa?" Ya ce, "Sun ce a dawo gobe." Dattawan unguwa suka same shi, liman a gaba, suka ce ya kamata a yi wa yaron addu'a a zauna zaman makoki. Ya ce wanda ya ga gawa ya zo ya faɗa a gaban uwar yaron. Babu wanda ya ƙara tayar da maganar.

Ya daina faɗa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Wani yaro ya taka masa buzu da takalmi a gabana, ya bi shi da ido kawai. Ya daina zuwa rumfa, ya daina buɗe akwati da safe, abinci sai an matsa masa. Riga ta yi masa yawa. Daga baya ƙafar ta ƙi, ya kwanta.

Ana saura kwana kaɗan ya rasu, da rana, Inna ta shiga maƙwabta, ya ce in rufe ƙofa in matso.

"Ranar da na ce ka daina bina, ka tuna?"

Na ce na tuna.

"Na ga Babbar."

Ya ce a wata mararraba ce kafin a kai gada. Samari sun tare shi a shinge, ɗaya daga cikinsu, wanda bai kai ɗansa shekaru ba, ba riga a jikinsa, ga jan mariƙin nan a ƙugunsa. Ɗinkin badukun ma ya gane. Ya kasa ɗauke ido. Yaron ya lura, ya dafa ta yana dariya, ya ce da Faransanci, tsoho me kake kallo, wani ɗan'uwanku ne ya kawo mana ita, ga shi can. Ya nuna gefen titi. Babu kowa a wurin. Kwalta ce ta yi baƙi, da wayoyin da ke saura in taya ta ƙone, da kan bel.

"Ƙaramar tana aljihuna," in ji Kawu. "Hannuna yana kanta. Tsakanina da shi bai fi tsakanina da kai ba. Na duba ƙirjinsa, na duba sauran, na san ko na same shi ba zai faɗi ba. Zai zare tawa ya harbe ni da ita, a ƙone ni a wurin, uwarsa ta rasa mai gaya mata ko da ƙarya ce." Ya ja numfashi. "Ka san abin da na ce masa? Na ce, bonjour, chef, na gaishe shi kamar wani shugaba. Na ɗaga masa hannu. Ya ce in wuce, na wuce."

Ya ce daga nan bakin ruwa ya nufa, wajen da ƙananan jiragen fito ke tsayawa a Treichville, ya jefa Ƙaramar a ciki. A wurin yake zama kullum da ledar a cinya, har a kira azahar, sannan ya dawo gida.

Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa mata me? Maganinta ya je nema. Za ta ce ita ta kashe shi, kuma ba za ta kwana biyu ba. Ni na kashe shi. Na auna nauyi, na auna ƙarfi, shekara nawa ina aunawa, ban auna rigar da ke jikinsa ba." Ya kamo hannuna. "Ka rantse ba za ta ji daga bakinka ba."

Na rantse. Ban san ko daidai na yi ba, har yau ban sani ba. Ya saki hannuna ya juya ga bango, kuma bai ƙara wata doguwar magana ba har ya cika.

Allah ka jiƙan wannan bawa naka. Ka san faɗansa, ka san rowar bakinsa, ka kuma san abin da ya ɓoye a ƙarƙashinsu. Ka yafe masa abin da shi ya kasa yafe wa kansa, ka haɗa shi da yaron a inda zai iya kiransa da sunansa. Inna ba ta karatun boko, kuma ban ambaci sunan kowa ba. Wanda ya gane gidan, ina roƙonsa don Allah ya riƙe bakinsa.

Da aka watse daga sadakar bakwai, ina naɗe tabarmi, Inna ta kira ni. Tana zaune a ƙasa cikin kayan takaba, ledar tana gabanta. Ta sake wanke kayan ta goge.

"Kawunka ya tafi bai gama ba," ta ce. "Ni kuma ga ni a takaba, ba na fita. Saura kai."

Na ce, "To, Inna."

"Kai kana da ƙafa, kana jin Faransanci. Za ka shiga inda shi bai iya shiga ba. In ka same shi, kada ka gaya masa rasuwar a hanya, ka bari sai ya ci abinci."

Na ce to. Na ɗauki ledar.

Yanzu ni ke fita da safe. Ina hawa woro-woro, tasin haya na garin nan, zuwa Adjamé, in tsallaka gada, in sauka bakin ruwa in zauna har a kira azahar. Hutun makaranta ya kusa ƙarewa, kuma ban san yadda zan yi ba in an koma. Jiya da na shigo, tana zaune a inda na bar ta, ta ɗago kai.

"Yau fa?"

"Sun ce a dawo gobe, Inna."

"To, Allah ya kai mu," ta ce. Ta karɓi ledar ta duba ko kayan sun yamutse.